Fijon da Na Saya da Shanunka

Ɗana Adamu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinka, ya Falmata da yara, ya zaman Legas? Mu nan Gomari lafiya lau.

Da kunya nake rubuta wannan da hannuna, don kada wani ya ji. Shanun da ka bar mini amana na sayar, na saya wa babanka fijo a Bolori. Mun duba ta kamar saniya, jiki sumul, ƙafafu lafiya, ba mu leƙa injin ba. Ranar Juma'a ta mutu a ƙofar gidan surukanka. Makanike ya ce, "Hajiya, ai wannan wargaza ta za a yi, fenti kawai aka shafa mata."

Ka yafe mini, ka sa mu a addu'a. Ka gaida Falmata, ka faɗa mata da bakinka kafin iyayenta su rubuto.

Mahaifiyarka,
Hauwa