Me Kuka Gani a Cikin Zoɓona?

Zuwa ga Hajiya shugabar ƙungiyar mata masu sarrafa abinci da abin sha ta yankinmu.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gajiya, ya iyali, ya fama da jama'a? Sunana Hauwa, a Walia nake, bayan gada. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, maƙwabciyata ce ke rubutawa ina faɗa, na ce mata kar ta gyara mini magana.

Zoɓo nake yi, karkanji kamar yadda ake ce masa a nan. Bara na shiga ƙungiyarku, kuma ba zan ɓoye alheri ba. Ku kuka haɗa mu da matan ƙauye masu noma shi, yanzu busasshe mai kyau yake zuwa mana. Kun ba mu kwalabe sababbi, mun huta da tsintar na ruwa. Allah ya saka.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Kafin azumi kun aiko mata biyu su duba inda nake aiki. Mu a gidanmu ba a zuba abin sha a randa sai an kifa ta a kan garwashi an turara ta da ƙaro. Haka na taso na ga innata tana yi. Ranar, da yake baƙi ne za su zo, har na ƙara hayaƙin don girmamawa. Ɗayar ta leƙa randar, ta sansana, ta dubi 'yar'uwarta, suka yi Faransanci. Suka cika kwalba ɗaya za su kai laboratuwar, wai ɗakin da ake gwada abinci da wani inji. Da Larabci suka ce kar in sayar tukuna. Tun daga nan shiru.

Na farko, Hajiya, hayaƙin ne ko ruwan? Ruwan famfon unguwa nake ɗiba, shi kowa yake sha. In hayaƙin ne, yaya aka yi innata ta tsufa a kansa? Ba gardama nake ba, wallahi so nake in sani. Shi injin nan me yake gani? Ƙwari ne ƙanana? Suna motsi? Wuta ba ta kashe su?

Na biyu, matan da aka duba mu tare duk an ba su tambarin liƙawa a kwalba, sun tafi baje kolinku. Na tambayi wakiliyarmu, ta ce sakamakona bai fito ba. Na sake komawa, ta ce in yi haƙuri, ana sane da ni.

Na uku shi ne babba. Ina da 'ya, Zara, tun da na yaye ta zoɓon nan take sha, daga randar nan. Cinikin da ya tsaya zan iya jurewa, mijina yana kamun kifi. Amma ko tari yarinyar nan ta yi sai gabana ya faɗi. Kwanaki cikinta ya ɓaci na ruga da ita asibiti, likita ya tambaye ni me ta ci, na rasa ko in ce zoɓo ko in yi shiru. Ta warke, alhamdulillahi, ni ce ban warke ba.

Roƙona, ku faɗa mini abin da kuka gani, da Hausa ko da Larabci, ko mai ɗaci ne. In da hali ku bar ni in zo in sa idona a injin nan sau ɗaya. In turaren ne zan bari, in ruwan ne to ai ba ni kaɗai ba ce, duk layinmu da yara.

Na wanke randar na kife. Zara tana zuwa tana bubbuga ta da kofinta, tana dubana. Ku gaya mini me zan ce mata.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya miki zuri'a, ya tsare ki da irin wannan fargaba.

Wassalam.
Hauwa mai zoɓo, Walia.