Kafar Allura a Jidda

Radiya 'yar Baba,

Assalamu alaikum. Ya Innarki da mutanen Ƙofar Galadima? Ni lafiya lau, har tumbi na ajiye. Ranar Juma'a dara nake bugawa da wani Basudane, yana cinye ni, wai ba na ganin ramukan.

Bai yi ƙarya ba. A shagon ɗinki ma kafar allura ta fara ɓoye mini. A gida ke kike saka mini zare, ni ina cika baki. In maigida ya gane, jirgi zai sako ni.

Ki ba Alhaji Sadiƙu tabarau ɗin Kaka ya taho mini da shi. Kada Innarki ta ji, ita ta ce kar in tafi.

Allah ya yi miki albarka. Ki haɗo da allurai, da zarensu a ciki.

Babanki, Mamman