Tayar Dama Ce Kaɗai Ke Cinyewa

Baba Ɗangana, don girman Allah ka taimake ni, zuciyata na neman fashewa kuma babu wanda zan iya gaya wa.

Ni ɗan kasuwa ne a Yelwa, koma da ƙugiya nake sayar wa masunta. Mai ɗakina ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti can wajen Ngaski. Da na ga wahalar shiga motar haya ta yi mata yawa ga goyo, sai na saya mata 'yar mota, har sababbin tayoyi na sa mata. Ba a je ko'ina ba tayar gaba ta hannun dama ta cinye ta gefen waje, sumul kamar tafin hannu, ta wajen direba kuwa tana nan garau. Na kai wa mai faci, ya duba ya kwashe da dariya, wai lallai akwai wani ƙato da ke zama a kujerar nan kullum. Shi wasa yake yi. Ni kuwa na san ƙaton.

Akwai wani abokin aikinta, mu kira shi Tanko, mai ba da magani, mutum ne kamar buhun shinkafa biyu a ɗaure. Wata ranar kasuwa na hango su bakin tasha, shi a gaba, mata biyu a baya, ana ta dariya. Ta ce mini babur ɗinsa ne ya lalace, kuma bayan motar ba ya ɗaukarsa. Amma Baba, zaman yini ɗaya na cinye taya? Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ba wawa ba ne. Kishi nake yi, ba na ɓoyewa. Da gumina na sayi motar nan, ni ina hawa kabu-kabu, wani yana shan iska a kujerata.

Kwanan nan ta fara cewa sitiyari na janta dama, yana kuma rawa in ta ɗan taka. Na ce a raina, ai dole ya ja, nauyi ya yi yawa. Na so in gaya wa Inna, sai na tuna ita ta zaɓo mini yarinyar, ba za ta saurare ni ba. Yanzu duk yamma in ta dawo sai in tsuguna in shafa tayar in ga abin da ya ƙaru. Na ƙi canza ta, don ita ce shedata, ko da yake wayar cikinta ta soma leƙowa. Niyyata in cire ta in aje gaban mahaifinta, in ce ko ta bar aikin ko ta bar gidana. Mi ka gani?

Mai Zafin Zuciya, Yelwa

Amsa

Ɗana, na yi tuƙi tun kafin furfura ta fito mini, bari in fara da tayar. Je ka tasha ka dubi motocin haya. Mutum biyu suke cusawa a kujerar gaba, safe da yamma, ga kaya a but ɗin baya, amma ba su cinye taya gefe guda saboda haka. Tanko ko ya kai mutum biyu, bai fi su ba.

Taya tana faɗin ciwonta ga mai dubawa. In tsakiya ya cinye, iska ta yi yawa. In gefe biyu suka cinye tare, iska ta yi kaɗan, kuma haka na faruwa in mai faci da ɗan yatsa yake gwaji maimakon geji, ma'aunin iska. In cin ya zo tsalle-tsalle, nan rami can tudu, a dubi shokozoba, mai tare girgizar mota. Amma gefe ɗaya na taya ɗaya, ga sitiyari na ja yana rawa, wannan saitin ƙafar motar ne ya goce, wataƙila tayarod ko boljoyin, ƙarafan da ke riƙe ƙafar, ya saki, ko wani ƙarfe ya lanƙwashe. Me ya sa ta dama? Ita ce ke faɗawa bakin kwalta duk lokacin da babbar mota ta matse ƙarama, ita ke shan ramukan gefe. Gobe ka kai wa bakanike ya ɗaga motar ya girgiza ƙafar, a canza abin da ya saki, a yi saiti, sannan a sa sabuwar taya. In ka sa sabuwa ba a gyara ƙafa ba, ita ma haka za ta cinye.

Kishinka ba laifi ba ne, miji da ba ya kishi ma abin tsoro ne. In ba ka son namiji a kujerar gaba, haƙƙinka ne ka faɗa, kuma da ta sanar da kai ranar kafin ka gani da idonka, da ya fi. Ka gaya mata cikin ɗaki, da murya ƙasa. Amma abin da ka gani rana tsaka ne, bakin tasha, da mata biyu a baya. Zato zunubi ne ko ya zama gaskiya, balle wanda aka gina kan wasan mai faci. In ka mirgina taya zuwa zauren surukinka, kai za a yi wa dariya har jikoki, ita kuma ba za ta manta ba ko ta yafe.

Abin da ya tayar mini da hankali daban ne. Matarka ta kawo maka kuka mota na neman ƙwace mata, ka ji, ka ga waya ta fito, kana kallo kullum safiya tana ɗaure jaririnka tana hawa wannan hanya. Taya irin wannan ba ta sallama kafin ta fashe. Karɓi makullin yau, ka kai ta aiki da kanka ko a motar haya ce, har a gama gyara. Shedar da kake tarawa tana iya dawo maka da ita da jaririn a kwance bayan wata mota, ranar kuwa ba wanda zai tambaye ka wa ke zama a gaba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya tsare maka iyalinka a hanya, ya bar ku tare.

Baba Ɗangana