Wurin Zaman Mama a Jirgi

Porto do Ingá, Satumba

Yaya Valdeci,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Marlúcia da yara. Ya aiki, ya sanyin São Paulo? Ƙafar nan taka ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, sai kewar Mama da har yau ba ta sake mu ba.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Gidan nan ka san shi, in na ɗaga waya a ɗakin ɗinki, Baba na jin komai daga baranda, kunnensa bai tsufa ba ko kaɗan.

Maganar bikin Janairu ce. Tun haɗarin bara, da wani ɗan hutu ya bi ta kan masu iyo da jirginsa, kwamitin coci ya ce bana ba jirgin da zai shiga jerin gwanon Yesu Mai Kiyaye Matuƙa sai mai tuƙa shi yana da lasisi. Doka dai tana nan tun da can, mu ne muka ɗauka ta masu manyan jirage ce. Baba kuwa tun da ya sayi jirginsa Lindalva, lokacin yana aiki a gidan burodi, bai taɓa riƙe wata takarda ba. Ka san alkawarin da ya yi wa Allah ranar da Mama ta tashi daga jinyar haihuwata: duk shekara zai bi jerin gwanon da ita a gefensa. Bana ita ba ta nan, shi ya sa ya ce ko da rarrafe sai ya je.

To, ya shiga makarantar tuƙi. Da ka gan shi ranar Asabar, da farar rigarsa da fensir a kunne, cikin samarin da suka zo neman lasisin babur ɗin ruwa! Kaka suke ce masa. Malamarsu, wata Dona Zenaide, tsohuwar sojan ruwa ce, ba ta wasa. Ta sa shi ya sa rigar ceto, ya ce mata ya girmi rigar, ta ce kogin ya girme shi. Ya dawo gida yana ta mita, amma na ga ya je ya sayo riguna ya zuba a jirgi, har da tukunyar kashe gobara. Littafin dokokin kuwa ya haddace shi tas: wa zai ba wa hanya, fitilar hagu ja, ta dama kore, yadda ake juyowa a ɗauki wanda ya faɗa ruwa. Rabon da in ga yana cin abinci da marmari haka tun rasuwar.

Saura takardar likita da jarrabawa. Ka sa shi a addu'a. Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Edileuza

Porto do Ingá, Oktoba

Yaya Valdeci,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka, ina fata Marlúcia ta ji sauƙin murar. Ni lafiyata ƙalau, amma raina a ɓace yake, kuma har da kai a ciki.

Abin da ban iya faɗa maka a waya ba ga shi. Ni na raka Baba wurin likita. Zuciya lafiya, kunne lafiya, haruffan bango ya karanta har na ƙasa yana taƙama. Sai likita ya buɗe wasu hotuna masu ɗige-ɗige kala-kala, ya ce ya faɗi lambar da ke ciki. Ni daga inda nake zaune ina ganinta ɓaro-ɓaro. Baba ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa, ya ce hoton ya koɗe. Aka buɗe wani, haka. Likitan ya yi masa bayani a hankali, ya ce idonsa ba ya raba ja da kore, kuma da alama haka aka haife shi. Ya ce zai rubuta cewa ya iya tuƙi da rana kawai, ban da bayan faɗuwar rana. Baba ya ɗauki hularsa ya fita.

Ka san jerin gwanon da la'asar ake tashi, sai an kunna fitilu ake dawowa. Lasisin rana kaɗai zai kai shi ne, ba zai dawo da shi ba.

Yanzu shawarar da ka bayar, cewa a nemi wani likitan da zai sa hannu bai duba ba. Baba ya ji ka sarai, kuma ya riƙe maganar gam. Yaya, daga nesa abin da sauƙin faɗa. Kai ba ka ga uwar yarinyar nan da haɗarin bara ya rutsa da ita ba, ni kullum ina haɗuwa da ita a kasuwar kifi. Ranar biki jirage ne cunkus a kogi, da yara a ciki, da masu harba tartsatsin wuta. Na ce wa Baba ba da ni ba, kuma in ya samo irin wannan takarda da ƙafata zan je in gaya wa Dona Zenaide. Ya ce shekara da shekaru yana dawowa da fitila bai taɓa ko gogar jirgin wani ba. Gaskiya kuma ya faɗa.

Tun ranar ba ya yi mini magana. In na ajiye masa rogo da kifi ya ci, ya wanke kwanonsa da kansa don kada ya ce na gode. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban canja ba, kuma kada ka sake tayar da maganar.

Taka,
Edileuza

Porto do Ingá, Nuwamba

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na gode da saƙonka, komai ya wuce. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Ranar Lahadi da yamma na ga Baba ya ɗauki makullin jirgi. Na gane so yake ya nuna mini ƙarya likita yake yi. Na bi shi har bakin ruwa ina magiya, ko waiwaye bai yi ba. Da ya tayar da inji sai kawai na tsinci kaina a ciki. Ni, wadda tun muna yara kuke yi mini dariya don ko jirgin fito na shiga sai na rufe ido. Ya miƙo mini rigar ceto bai dube ni ba. Na zauna can gaba, na bar wurin Mama a gefensa yadda yake.

Mun kai wajen tsibiri, rana ta faɗi, muka juyo. Sai ga wani babban jirgin dakon yashi ya fito ta damanmu. Duhu ya fara, jikinsa ba ya ganuwa sosai, sai fitilunsa. Ni da nake jin Baba yana bitar littafinsa kullum, na san in ka ga ja ta damanka kai ne za ka ba da hanya. Ja ce kuwa. Na juyo in ga me zai yi. Yaya, bai rage gudu ba. Idonsa na kan fitilar, amma gwiwarsa ya karkatar wajen wurin Mama, kamar mai jiran wani abu. Na ƙwalla ihu na ce ja ce. Ya murɗa sitiyari, ya kashe gudu, jirgin ya wuce ta gabanmu har ina jin warin mansa, igiyar ruwansa ta jiƙa ni sharkaf.

Mun daɗe muna yawo a kan ruwa. Can ya ce, "Uwarki ba ta taɓa faɗa da baki ba. In ja ce sai ta matsa mini gwiwa. In kore ce sai ta shafa."

Ka tuna yadda muke tsokanarsu? Duk dawowar yamma hannunta na kan gwiwarsa, kai kana cewa tsofaffin nan ba su da kunya. Ya ce tun kafin aure ya gaya mata, ita kaɗai, don ubansa ya taɓa dukansa a kan tsinko tumatir ɗanye. Ita ke fitar masa da riga, ita ke zaɓen mangwaro, ita ta hana shi sayen mota. Mu muna cewa Mama ta cika mulki. Ya ce ya ɗauka bayan shekarun nan ya koya da kansa, sai yau ya gane bai taɓa dawowa da fitila shi kaɗai ba. Na yi kuka sosai, Yaya, ban san ko na tsoro ne ko na kewa ba.

Da kansa ya koma wurin likitan ya karɓi takardar rana. Ya ci jarrabawa, samarin nan har tafi suka yi masa. Bai yi murna ba. Ya ce zai ba wani maƙwabci jirgin ya kai furannin Mama, shi ya tsaya a gaɓa.

Ban yarda ba. Jiya na je na ba Dona Zenaide sunana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ta ji labarin ko iyo ban iya ba. Na ce shi ya sa na zo wurin malama. Ka yi dariyarka, amma ka yi mini addu'a.

Ƙanwarka,
Edileuza

Porto do Ingá, Janairu

Yaya Valdeci,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana. Ya yara, ya Marlúcia? Na so a ce kun zo, amma na san halin aiki.

Lasisina ya fito ana saura kwanaki kaɗan a yi biki. Ban same shi a banza ba. Dona Zenaide ta sa na faɗa ruwa da rigar ceto a tsakiyar kogi, na sha ruwan koginmu São Francisco har na ƙoshi. Ta yi ta jefa jarka tana cewa Babanki ne ya faɗa ruwa, juya ki ɗauko shi. Ranar farko jarkar har ta kusa kai teku. Da daddare Baba ke yi mini bita, kuma ya fi ta zafi.

Ranar biki shi ya tuƙa a tafiya. Ya sa farar rigarsa da rigar ceto a kai, lasisinsa a aljihu cikin leda. Da sojojin ruwa suka zo dubawa, tun kafin su tambaya ya miƙa. Muka bi bayan jirgin da ke ɗauke da siffar Yesu, ana waƙa, ana kaɗa ƙararrawa daga gaɓa. A wajen tsibiri ya zuba furannin Mama a ruwa, ya cire hula. Wurinta babu kowa.

Da rana ta taɓa ruwa, na ji tsoron in tuna masa sharaɗin lasisinsa. Shi da kansa ya rage gudu, ya miƙe, ya ce, "Zo ki karɓa, lokacina ya ƙare." Na zauna a kujerarsa. Ya tsaya yana duba inda zai zauna. Gaba akwai wuri, baya akwai wuri. Sai ya zauna a wurin Mama.

Fitilu kam ina ganinsu, ja da kore, ko'ina a kogin, na ba da hanya inda ya kamata. Abin da ban sani ba shi ne tudun yashin da ke ƙasan ruwa kafin a shiga tasharmu, wanda ke sauya wuri duk shekara. Ina nufarsa kai-tsaye ban ankara ba, ga matan ƙungiyar coci a jirgin da ke gefenmu suna kallona, wai 'yar Argemiro na tuƙi. Baba bai ɗaga murya ba, bai kai hannu ga sitiyari ba. Sai na ji hannunsa a kan gwiwata, ya matsa. Na rage gudu, na karkata. Da muka shiga ruwa mai zurfi sai ya shafa.

Bai ɗauke hannun ba har muka ɗaure jirgi. Matan nan suna ta yaba mini, wai kamar a jirgi aka haife ni. Na dubi Baba, yana can yana naɗe igiya kamar bai ji ba. Ni ma ban faɗa musu ba.

Yana gaishe ku. Ya ce baɗi ka zo, kuma ka zo da lasisinka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Edileuza