Ranar da Yaya Hassu Ta Faɗi Sunan

Daren Laraba, Sanyinna

Yau masu rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa sun zo. Na tsaya gefe da Zainabu tawa ban shiga layi ba, don ana cewa allurar tana hana haihuwa. Sai ga Yaya Hassu, matar wan mijina, riƙe da ɗiyarta ta fari, wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunya. Ma'aikaciya ta tambayi sunan yarinyar. Na ɗauka Yaya Hassu za ta bari wata ta faɗa, sai ta ɗaga murya: "Hadiza. Ciwon nan ya kashe innata ina kallo. Da yardar Allah ba shi taɓa wagga."

Nan take na tura Zainabu layi. Hadiza ko allurar ba ta ji ba, uwarta take kallo.