Kada a Kulle Gidan da 'Ya'yana Suke Ciki

Zuwa ga Shugaban ofishin ba dillalan bashin gida lasisi na jiharmu,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Abin da nake roƙo shi ne a dakatar da kulle gidan da mahaifiyata da 'ya'yana biyu suke ciki, kuma a karɓi yayana Sabi'u a madadina, don ni ba ni da halin zuwa.

Sunana Zainabu, ina zaune a Misfala, nan Makka. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, maƙwabciyata Hajiya Rabi ke rubutawa, ga goyo a bayana. In magana ta hargitse, a yi haƙuri.

Na farko, dillalin da na sayi gidan nan ta hannunsa, a Mina na san shi, ina aikin wanke-wanke a tantin alhazai. Tanti-tanti yake bi, yana cewa shi ke haɗa mutum da banki a saya masa gida a garinsu, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ban yarda haka kawai ba. Na ce ya nuna lasisi, ya nuna a waya, na kai wa mai karatu ya duba, ya ce na gaske ne. Kuma na gasken ne. Sai dai ashe na jihar maƙwabta ne, ba tamu ba. Ba wanda ya ce min lasisi ma iyakarsa jiha guda.

Na biyu, ya buɗe ofis a garinmu, da allo a bakin titi, har da walima. Shekara da shekaru yana nan, ma'aikatanku suna wucewa. Ni da ke bayan teku ban iya karatu ba, ku da ke kusa fa? Me ya hana a tsayar da shi tun kafin mu shiga?

Na uku, yanzu kun rufe ofishinsa. Banki ya ce duk cinikin da ya bi ta hannunsa sai an sake dubawa, an shafa wa bangonmu jan fenti, wai ƙarshen wata za a sa kwaɗo. Ban taɓa tsallake biya ba, ko watan da na haihu. Sabi'u ya kai muku rasiɗai, aka ce sai mai gida ta zo da ƙafarta.

Ranka ya daɗe, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. In na fita ƙasar nan, shi ke nan, ba dawowa. In ban dawo ba aiki ya ƙare, da me zan ƙarasa biyan? In kuma na zauna, a fito da Inna da ciwon ƙafarta da yara a titi. 'Yata Ummi ta tambaye ni a waya ko laifi suka yi.

Ku hukunta shi, ban hana ba. Amma ku kira ni ta bidiyo ku ga fuskata, in dangwala yatsa a takarda alhazai su kawo muku. Allah ya ƙara girma, ya raya maka zuri'a a ƙarƙashin rufinsu.

Na gaya wa mijina, na gaya wa limamin unguwarmu can gida, Inna kuwa rabin maganar na gaya mata. Shi ma dillalin na tura masa saƙon murya. Ya saurara, na ga alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba. Kai kaɗai ka rage.

Wassalam,
Zainabu maman Ummi