An Yi wa Tanwir Oflod

Zuwa ga Yaya Mushtak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Umma ta samu sauƙin ƙafarta, mun kuma gama yankan alkama.

Yaya, ɗanka Tanwir bai tashi zuwa Maskat ba. Mota biyu muka cika zuwa Lahore don raka shi, an rataya masa furanni a wuya, na raba alawa gida-gida. Bayan awa uku sai ga shi yana jan akwati, wai an yi masa oflod. Direbanmu ya taɓa dako a filin jirgi, shi ya ce mini Turancin ma'aikatan jirgi ne, asalinsa kuma na kaya ne: in jirgi ya yi nauyi, a sauke buhu a bar shi a ƙasa. Daga baya aka mayar da shi kan wanda aka hana hawa. Wato ɗan da na haifa ne buhun.

Aikin Baffa Riyaz ne. Shi ya karɓi fasfo zai kai a buga hatimin masu fita aiki, ya dawo da shi a naɗe cikin ƙyalle, ya ce an gama. Wa ke buɗe abin da babba ya naɗe? Ashe biki ya tafi ya manta. Da na tare shi, dariya ya yi, wai ke Shagufta, jirgi ƙarewa yake yi? Aikin da ka samo wa Tanwir kuwa an ba wani. Yanzu a ƙauyen nan ko kaza aka kora daga tsakar gida sai a ce an yi mata oflod, yara ma da sunan suke kiran Tanwir. Ya daina zuwa shagon shayi, ni kuwa raina a ɓace yake.

Na san Baffa ya roƙe ka ka samo wa ɗansa Nawid aiki a can Maskat. Kada ka ce masa a'a. Ka ce masa wata mai zuwa, kullum wata mai zuwa, har ya gaji da yi wa mutane bayani. In ka ɗauki Nawid, ni da kai sai a lahira.

Ka gaishe da Anti Rubina da su Komal. Kada ka rubuto kana ba ni haƙuri, Tanwir ya riga ka, ban ji ba.

Ƙanwarka,
Shagufta